Difloma, GED ko HiSET: Wace Takardar Kammala Sakandare Za Ka Nema a Amurka?

Kalmomi biyu ne suka fi rikita mutanenmu idan suka sauka Amurka suka shiga neman makaranta, wato difloma da kiredit. A gida in aka ce difloma, hankali ya tafi kan karatun shekara biyu da ake yi bayan sakandare. A nan kuwa difloma ita ce takardar da ake miƙa wa ɗalibi ranar da ya gama aji na 12, shaidar kammala sakandaren kanta. Shi ma kiredit ba sakamakon jarrabawa ba ne irin wanda muka saba ji a WAEC. Ma'auni ne na darasin da ɗalibi ya zauna ya yi tsawon shekara guda ya kuma ci. Tushensa wani awo ne da gidauniyar Carnegie ta fito da shi a 1906, inda sa'o'i 120 na zaman aji suke zama kiredit ɗaya. Saboda haka difloma tarawa ake yi, kamar adashi, ba rana ɗaya ake zana ta ba.

Babu wata jarrabawar ƙasa guda da kowa yake yi. Kowace jiha da dokarta, kuma gundumar ilimi tana iya ƙara nata a kai. Niyok tana neman kiredit 22, ta daɗe kuma tana haɗawa da jarrabawowinta na Regents, ko da yake ta fara shirin cire su daga sharaɗi. Teksas 22 ne a tsarinta na asali, 26 ga wanda ya ɗauki wani fanni na musamman. Fulorida 24. Ƙashin bayan duk ɗaya ne dai: yawanci shekara huɗu na Turanci, uku ko huɗu na lissafi, kimiyya, tarihin Amurka da tsarin mulkinta, motsa jiki, sai darussan zaɓi.

To hanyoyin samun wannan takarda, ko makwafinta, sun kai biyar, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Bari in fara da wadda na fi so, domin ita ce aka fi saurin tsallakewa. Idan yaro ko yarinya ba su wuce shekarun makaranta ba, a sa su makarantar gwamnati ta unguwa, a bar su su gama. Kyauta ce. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Plyler da Doe, cewa jiha ba ta da ikon hana yaro karatun firamare da sakandare kyauta saboda matsayin takardun zamansa. A Niyok wanda bai samu difloma ba yana da haƙƙin zama a makaranta har shekara 21. Amma sau da yawa za ka ga an kawo saurayi ɗan shekara 17, sai dangi su ce ai ya girma, ya kama aiki a shago ko wajen kai kaya, in ya so daga baya ya yi GED, jarrabawar da ke ba da takardar makwafin difloma, cikin wata uku. Wannan shawara tana ci mini rai. Na san kuɗin haya ba ya jira, na san akwai masu zuba ido a gida. Sai dai abin da yaron zai samu a shekara biyun nan ya wuce takarda: Turancinsa zai nuna a bakin sa'o'insa, zai samu malamin ba da shawara da zai taya shi cike takardun kwaleji da na tallafi, zai koyi yadda ake hulɗa da hukuma a ƙasar da zai rayu a cikinta. Sauri ya kan haifi nawa.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya yi shekaru yana bin sawun masu GED tun wani bincikensa na 1993, ya nuna cewa a kasuwar aiki samunsu ya fi kusa da na waɗanda suka bar makaranta fiye da na masu difloma. Rundunar sojan Amurka ma tana bambantawa: mai difloma yana rukuni na ɗaya, mai GED yana na biyu, inda gurbi ya fi ƙaranci, sai fa in ya ƙara da kiredit 15 na kwaleji.

Iyayen da suka zaɓi wannan hanya su kula da abu uku. Ku taho da rahoton makin yaro na kowane aji daga makarantarsa ta gida, a fassara in da Faransanci ko Larabci yake, domin da shi ake lissafa masa kiredit. In babu, ana iya mayar da shi aji na 9 ya faro daga tushe. Sannan ku tambaya a fili wace takarda yaron yake kan hanyar samu. Akwai wadda ake kira shaidar halarta ko shaidar kammala zama, ana ba da ita ga wanda ya yi shekarun amma bai cika sharuɗɗa ba. Zai sa rigar yaye, a ɗauki hoto, a yi murna, amma ba difloma ba ce, kuma ba ta buɗe ƙofar tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Na uku, abin da ya isa a gama sakandare ba lallai ya isa a shiga jami'a ba. A Kalifoniya mafi ƙarancin abin da jiha take nema darussa 13 ne na shekara-shekara, alhali jami'o'in jihar suna neman wasu keɓaɓɓun darussa 15, ciki har da shekara biyu na wani harshe ban da Turanci. Yaro na iya gamawa lafiya lau, sai a ƙofar jami'a a gane da saura.

Ga babba kuwa, wanda shekarun makaranta suka wuce shi, GED ce aka fi sani, kuma ba abin rainawa ba ce. An ƙirƙiro ta a 1942 domin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da suka bar aji suka tafi fagen fama. Tun 2014 a kwamfuta ake yin ta, darussa huɗu: Turanci minti 150, ciki har da rubutun insha'i na minti 45, lissafi minti 115, kimiyya minti 90, ilimin zamantakewa minti 70. Maki daga 100 zuwa 200 ne, ana cin kowane darasi da 145. Wanda ya kai 165 ana ɗaukarsa a shirye yake da kwaleji, wasu kwalejojin ma sukan yafe masa gwajin tantance matsayi, daga 175 kuma yana iya samun kiredit na kwaleji. Daɗinta shi ne ɗaya bayan ɗaya ake zanawa. Ka ci kimiyya yau, ta zauna maka, ka koma ka fuskanci lissafi. In ka faɗi darasi, a yawancin jihohi kana iya sake gwadawa sau biyu ba jira, daga nan sai bayan kwana 60. Kuɗin ya danganta da jiha, a wurare da yawa tsakanin dala 30 da 40 ne kowane darasi, a Niyok kuwa kyauta ake yi. Ana iya zana ta daga gida a wasu jihohi, da sharaɗin ka fara cin gwajin share fage na GED Ready.

Kowa lissafi yake tsoro, amma a ganina katangar da ta fi tare namu ita ce saurin karatu. Kimiyyar da zamantakewar ba hadda suke nema ba. Za a ajiye maka dogon sakin layi, ko taswira, ko wani yanki na kundin tsarin mulki, a ce ka fitar da hujja, agogo kuma yana tafiya. Mutum na iya jin Turancin wurin aiki sarai amma ya maƙale a nan. Da Turanci da Sifaniyanci ake yin jarrabawar a galibin jihohi, don haka wanda ya yi karatu da Faransanci ko a tsangaya sai ya fara bi ta ajin koyon Turanci. Kada ka biya kowa kuɗin wannan tukuna. Cibiyoyin ilimin manya da ke ƙarƙashin gundumomi, kwalejojin al'umma da ɗakunan karatu suna koyarwa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, za su kuma fara auna matsayinka da gwajin TABE ko CASAS, ka san inda kake tsaye.

Kishiyar GED ita ce HiSET, wadda ta fito a 2014. Darussanta biyar ne, domin ta raba karatu da rubutu. Kowanne maki 20 ne, ana neman 8 a kowane darasi, 2 cikin 6 a insha'i, jimla kuma 45. A lura da lissafin: takwas sau biyar arba'in ne, ke nan sai ka samo ƙarin maki biyar daga inda ka fi ƙarfi. Abin da ya sa nake nuna wa wasu dattawanmu ita shi ne ana iya yin ta a takarda da fensir a cibiyoyi da dama, kuma in ban da insha'in duk tambayoyin na zaɓi ne. Wanda hannunsa bai saba da allon buga rubutu ba, wannan kaɗai na iya raba masa gardama. Sai dai zaɓin ba kullum yake hannunka ba: wasu jihohin GED kawai suke yi, wasu kamar Ayowa da Maine sun riƙi HiSET, wasu suna karɓar duka biyun. Takardar ma jiha ce take bayarwa, ba kamfanin jarrabawa ba. In kuma ka ci karo da littafin shirin wata jarrabawa mai suna TASC, bar shi a kanta, an daina ta tun ƙarshen 2021.

Akwai hanyar da ba a cika ambata ba, alhali ita ce ta fi dacewa da wanda ya yi nisa a sakandaren Amurka sannan rayuwa ta fizge shi. In kiredit huɗu ko biyar suka rage maka, me zai kai ka sake zana komai? Makarantun sakandare na manya suna karɓar tsohon rahotonka, ka cike giɓin, su ba ka cikakkiyar difloma. Excel Center na ƙungiyar Goodwill, wadda ta faro a jihar Indiyana a 2010 ta bazu zuwa wasu jihohi, kyauta take koyarwa, har da wurin renon yara, abin da yake da muhimmanci ƙwarai ga uwa mai goyo. Wasu ɗakunan karatu na gwamnati suna ɗaukar nauyin karatun difloma ta intanet ga masu katinsu. Jihohi kaɗan, ciki har da Niyok da Maryland, suna da wani shirin samun difloma na manya mai suna NEDP, inda ba a zaman jarrabawa da agogo, ayyuka ake ba ka kana yi ana dubawa. Ta fi GED ɗaukar lokaci, wannan gaskiya ne.

Sai makarantun intanet na kuɗi, inda nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai na gaskiya a cikinsu, masu ɗaukar watanni ko shekaru, da ayyuka da malamai. Akwai kuma shafukan da za su ce ka amsa 'yan tambayoyi, ka biya dala ɗari biyu ko uku, a aiko maka da takarda mai hatimin zinariya cikin mako guda. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta sha gurfanar da irinsu a kotu. Na ga wani bawan Allah da ya riƙe irin wannan takarda yana alfahari da ita, sai ranar da ya kai ta kwalejin koyon aikin jinya aka dawo masa da ita ta taga. Kuɗin bai dame shi ba kamar shekarar da ya yi yana ganin ya gama. Abin dubawa shi ne wace hukuma ta tantance makarantar. Sanannun su ne Cognia, Middle States, WASC, NEASC da DEAC. Kada ka tsaya ga tambarin da makarantar ta manna a shafinta, domin 'yan damfara har hukumar tantancewa ta bogi suke ƙirƙira wa kansu. Shiga shafin hukumar da kanka ka nemi sunan makarantar. Duk wanda kuma ya ce zai sayar maka da GED ba tare da ka yi rajista a shafin GED na ainihi ba, ƙarya yake yi.

Kafin duk wannan, duba akwatinka. Da yawa cikinmu sun riga sun gama sakandare a gida, da WAEC ko NECO ko BAC a hannu, amma sai su ɓata shekara suna shirin GED don wani ya ce musu takardar Afirka ba ta aiki a nan. Sau da yawa tana aiki. Akwai kamfanonin da suke auna takardun ƙasashen waje su rubuta daidai da me suke a tsarin Amurka, irin su ECE da WES, waɗanda suke cikin ƙungiyar NACES. Kwalejoji da yawa suna karɓar wannan rahoto, kuma shaidar kammala sakandare ta waje tana iya cika sharaɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya mai suna Pell, wanda ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, ga wanda matsayin zamansa ya ba shi dama.

Ko wacce ka karkata gare ta, fara da wanda zai karɓi takardar kafin ka je wurin mai ba da ita. In kwaleji ce, aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai saƙon imel, ka ambaci sunan jarrabawar, ko makarantar, ko kamfanin auna takardun, ka ce shin suna karɓa. In aikin gwamnati ne, ko ƙungiyar masu sana'a irin ta lantarki da famfo, ko hukumar ba da lasisin jinya, su ma haka. Ka nemi amsar a rubuce, da sunan ofishin da kwanan wata, ka adana ta tare da rasit ɗinka.