Gidan tarihin Motown a Detroit, wallahi ya ci kuɗinsa

Duk mai son tarihin waƙa in ya shiga Amurka ya daure ya leƙa wurin nan. Ɗan ƙaramin gida ne fa, anan Berry Gordy ya fara kamfanin waƙa na Motown a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, yana kwana a sama ana rikodin a ƙasa. Ɗakin rikodin, Studio A ɗin ma gareji ne da, amma nan su Stevie Wonder da Marvin Gaye sukai ta waƙa har 1972 da kamfanin ya koma Los Angeles, ina shiga tsigar jikina ta tashi. Mai zagayawa da mu ta san aikinta sosai. Ku sayi tikiti ta intanet da wuri, yana ƙarewa.