Jitar bes mara nauyi: yadda na samu Ibanez Mikro a wuraren biki na Gombe

Duk mai kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin murya, a wurin biki ya san kafaɗar hagu ce take shan wahala. Mai fiyano a zaune yake, mai ganga ma haka, kai kuwa kana tsaye tun shigowar amarya har a gama liƙi. Yawancin jitocin da ke hannunmu a nan Gombe kwaikwayon ƙirar Precision ne, wadda Leo Fender, wani maƙerin jita Ba'amurke, ya fitar a 1951, ko Jazz Bass ta 1960, kuma irinsu sukan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi. A hannu ba wani nauyi ba ne, amma ka rataya shi awa huɗu ka ji yadda bayanka zai kwana. Ciwon da ya fara saukar min daga wuya zuwa ƙugu shi ya sa na shiga neman mara nauyi.

Wadda na tsaya a kanta ita ce Ibanez GSRM20, wadda ake kira Mikro. Wani abokin sana'a ne ya turo min ita daga Legas, don ban ga irinta a shagunan garin nan ba. Da ta iso sai na kai ta wurin mai sikeli a kasuwa, ta ba ni kusan kilo 3. Rangwamen kilo ɗaya da 'yan kai ke nan, kuma tun daren farko na ji bambancin a jikina.

Sirrin yana ga tsawonta. Bes ta yau da kullum inci 34 ce daga inda tsirkiya ta tashi zuwa inda ta sauka, gajerun kuma inci 30, ita wannan inci 28.6 ce kacal. Jikinta ƙarami ne, na katakon fofla mara nauyi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take zama daidai idan an rataya ta. Akwai jitocin da aka rage wa nauyin jiki, sai wuyan ya riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma yana tallafe ta maimakon ya yi kiɗa. Gajiyar wannan ta fi ta nauyi muni. Mikro da yake wuyanta gajere ne, inda na ajiye ta nan take tsayawa. Na haɗa mata maratayi mai faɗi na fata, wanda wani baduku ya ɗinka min ya cusa soso a ciki, kuma wannan kaɗai ya rage rabin matsalar.

Sauti fa? Tana da maɗaukan sauti biyu, wato 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi masu ɗaukar sautinsu, irin na Precision a tsakiya da irin na Jazz a kusa da gindi. Na tsakiyar nake buɗewa kusan kullum, muryarsa mai kauri ce, tana zama da kyau a ƙarƙashin kalangu ba ta danne shi ba. Na bayan yakan ɗan yi ƙugi idan aka buɗe shi shi kaɗai, musamman in janareta ake amfani da shi, amma wannan halin duk maɗauki mai naɗin waya ɗaya ne, ko a kan jita mai tsada.

Gajarta kuwa tana da nata farashin. Tsirkiya gajera ba ta ɗaurewa tamau kamar doguwa, don haka babbar tsirkiyar E takan yi ɗan sako-sako, in ka buge ta da ƙarfi sai ta taɓa ƙarafunan wuya ta yi kaɗe-kaɗe. Na sassauta hannu, na ƙara ƙarar a na'ura, abin ya daidaita. Wanda ya saba marin tsirkiya da babban yatsa, ko mai son sauke sauti ƙasa da E, ba zai ji daɗinta sosai ba. Mai manyan yatsu ma zai ji matsi a can ƙasan wuya.

Hunturu ya gwada ta. Bushewar iskar Disamba takan sa katako ya tsuke, wuya ya ɗan lanƙwashe, bakin ƙarafuna ya fito yana kartar hannu. Nata wuyan ya motsa kaɗan, na juya sandar ƙarfen da ke cikinsa kwata ɗaya, ya koma daidai. Yanzu ba na barinta a mota ko jikin taga, cikin jakarta take kwana.

Wani ƙanena ɗan shekara goma sha uku ya fara koyo da ita, yatsunsa suna kaiwa ba tare da miƙa ba, kuma na tabbata 'yan mata masu kaɗa wa ƙungiyar mawaƙa a majami'un Kaltungo da Billiri za su same ta da sauƙin riƙewa. In za ka saya, ka sa a haɗo maka tsirkiyoyi na gajeriyar bes tun daga inda za a sayo ta. Na doguwa sun yi mata tsawo, ɓangaren mai kaurin yakan hau kan maɗauri har ya iya tsinkewa, kuma samun gajerun a Gombe sai an yi saƙo Jos ko Legas.