Sharhi a Kan Sauya Injin Motar Yankan Ciyawa da Kawasaki FR691V

Wannan sharhi ne a kan injin Kawasaki FR691V da na sa aka ɗora wa motar yankan ciyawata bayan nata na asali ya buga, da kuma aikin bakaniken da ya ɗora shi. Ina zaune ne a wajen birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, filin gidana ya kusa eka biyu, kuma daga watan Afrilu zuwa Oktoba ciyawa ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, domin wanda ya bar tasa ta yi tsawo fiye da kima yana iya samun takardar gargaɗi daga hukuma, tara ta biyo baya. Sai da na cinye kakar yanka guda da sabon injin kafin na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne injin ya ci kuɗinsa, amma ba kowace mota ce ta cancanci a kashe mata irin wannan kuɗi ba, kuma wahalar aikin ba a injin take ba, tana wajen daidaita shi da jikin motar da ba don shi aka ƙera ta ba.

Motar wata 'yar ƙaramar tarakta ce mai kujera da sitiyari, a ƙarƙashinta akwai kaskon ƙarfe mai faɗin inci 48 da ke ɗauke da wuƙaƙe uku. Injinta ɗan'uwan injin janareta ne, yana shan fetur, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto, sai dai sandarsa ƙasa take kallo maimakon gefe, kuma a jikin sandar ne ake ɗaura fulin da ke juya bel ɗin tafiya da kulocin da ke juya bel ɗin wuƙaƙe. Na sayi motar a hannun tsohon mai gidan. Ranar da ta mutu, an ji ƙara mai ƙarfi sau ɗaya, injin ya tsaya cak, baƙin mai ya malale a kan shasi. Da aka buɗe murfin sama sai aka tarar da sheƙar ɓeraye ta toshe hanyoyin iskar silinda ɗaya, abin da ya zama ruwan dare a nan saboda ɓeraye suna fakewa cikin injina a lokacin hunturu. Silindar ta daɗe tana aiki da zafin da ya wuce ƙa'ida, ta riƙa ƙona mai, har kwanrod, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da sandar injin, ya kama, ya karye, ya ɓula jikin injin.

Injin da jikinsa ya ɓule ba ya buƙatar dogon bincike, amma zan ɗan tsaya a nan, domin yawancin injinan da masu su ke yanke wa hukuncin mutuwa ba su mutu ba. Bakaniken ya nuna mini wasu a shagonsa da aka kawo a kan a canza su, aka gyara da kuɗi kaɗan. Idan inji yana yi wa sitata nauyi, yana juyawa rabi ya tsaya, mutane sukan garzaya su sayi sabon batir da sabuwar sitata, alhali sau da yawa tazarar bawul ce ta buɗe, ta hana 'yar na'urar da ke rage matsi a lokacin tayarwa yin aikinta, kuma gyaran bai wuce sifana da ma'aunin tazara ba. Idan yana fitar da farin hayaƙi yana shan baƙin mai, wataƙila gasket ɗin kan silinda ne ya ƙone. Idan baƙin man yana warin fetur kuma ya ƙaru a kan sandar gwaji, allurar kafireta ce ta daina rufewa, fetur yana gangarawa cikin injin. Idan kuwa wuƙa ta daki kututture inji ya ƙi tashi daga nan, a duba ɗan makullin da ke riƙe da filawil, domin da gangan aka yi shi da ƙarfe mai laushi don ya tsinke ya ceci sandar injin. Fetur ɗin da aka fi sayarwa a nan yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, kuma idan ya kwana watanni a cikin kafireta yakan daskare ya toshe ƙananan ramukanta. Duk waɗannan ba su kai a sauke inji ba, balle a sayi sabo.

Nawa dai ya wuce wannan matsayi. Bakaniken ya kawo maganar sayen gangar jikin inji kawai, wato mai fistin da sanda a ciki, a kwashe kan silinda da kafireta da sauran kayan tsohon a mayar a kai, amma da aka haɗa kuɗin kaya da na aiki sai ya matso kusa da farashin cikakken inji, ga shi kuma kan silindar da ya sha zafi ba abin dogaro ba ne. Inji na hannu yana da araha, sai dai babu mai iya gaya maka irin zaman da ya yi da mai shi na farko. Sabuwar mota mai inji irin wannan kuwa a lokacin ta haura dala 3,000, yayin da injin shi kaɗai ya tasam ma dala 2,000 kafin a zo ga salansa da ladan aiki. Abin da ya raba gardama shi ne lafiyar sauran jikin motar. An ɗaga ta an duba kaskon wuƙaƙe babu tsatsar da ta ci ƙarfe, shasi bai tsage ba, sitiyari ba ya wasa, kuma a tsawon zamana da ita giyarta ba ta taɓa sanyi a kan hawa ba ko bayan ta yi zafi. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, musamman giya ko kasko, da ban sayi injin ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya saya ba.

FR691V inji ne mai silinda biyu da aka jera kamar harafin V, girmansa cc 726, ƙarfinsa doki 23. Yana da 'yan'uwa biyu masu girma ɗaya da shi, FR651V mai doki 21.5 da FR730V mai doki 24, kuma duk jerin FR an yi su ne don aikin gida, yayin da jerin FX, masu babbar matatar iska, aka yi su don masu yankan ciyawa a matsayin sana'a. Kamfanin yana haɗa irin waɗannan injina a masana'antarsa da ke Maryville a jihar Missouri. Abin da ya ja hankalina bai wuce uku ba: cikin silindarsa ƙarfen zubi ne, yana da famfon da ke tura baƙin mai da ƙarfi tare da matatar da ake murɗewa a canza kamar ta mota, sannan garantinsa shekara uku ne. Ga fili irin nawa mai ɗan gangare a baya, famfon man nan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda mai saye zai fi yin hattara shi ne wajen sandar injin. Sunan inji ɗaya ne, amma ana fitar da shi da sanda iri-iri, kuma lambar da ke bin sunan ita ce ke bambanta su. Akwai mai kaurin inci ɗaya da tsawon inci uku da ɗan ɗoriya, akwai mai kaurin inci ɗaya da ɗaya bisa takwas wadda ta haura inci huɗu a tsawo. Wanda ya sayi wadda ba ta dace ba, fulinsa da kulocinsa ba za su shiga ba, ko kuma su shiga amma bel ya karkace ya riƙa cin gefe har ya tsinke. Shagon intanet ɗin da na fara dubawa bai rubuta ma'aunin sandar a fili ba, hoton da ya sa ma na wani samfurin ne, kuma da na tambaya amsar da aka ba ni ba ta gamsar da ni ba, don haka na bar wa bakaniken ya auna tsohuwar sandar da kansa ya yi odar ta hannun dillalinsa. Ya ɗan fi tsada ta wannan hanya, amma alhakin dacewa ya koma wuyansa. Ramukan kusoshi huɗu na gindin injin sun hau kan na shasi ba tare da an huda sabo ba, domin manyan masu ƙera irin waɗannan injina kusan tsari ɗaya suke bi a nan.

Salansa ba ta zuwa da injin, kuma tsohuwar ba ta hau ba saboda bakin fitar hayaƙin kowane kamfani da inda yake kallo. Sai da aka sayi wata, aka ɗan gyara mariƙinta don kada ta taɓa murfin gaba, wanda na roba ne. Wayar totur ta yi daidai, ta cok kuwa ta gaza tsawo aka canza ta. Wayarin shi ne ya fi cin lokaci, tun da soket ɗin motar da na injin ba su san juna ba. Wayoyin da ke da muhimmanci kaɗan ne, wato ta kashe inji, da ta bawul ɗin lantarki da ke ƙasan kafireta, da ta caji, da babbar wayar sitata, amma kuskure a kansu yana da tsada, domin idan wutar batir ta bi ta wayar kashe inji, kwayil biyun za su iya ƙonewa nan take. Motata tana da kulocin wuƙaƙe na lantarki, wanda ke jan wuta muddin ana yanka, saboda haka cajin amfiya 15 da injin ke bayarwa ya wadatar, har da fitilu. Wanda motarsa ke da irin wannan kuloci kada ya yarda da injin da cajinsa ƙarami ne, in ba haka ba batir zai riƙa mutuwa a tsakiyar aiki ya rasa dalili.

Game da bakaniken, dattijo ne mai ƙaramin shago, kuma aikinsa ya gamsar da ni ta fuskoki da dama. Ya haɗa wayoyin da dalma ya rufe su da kyau maimakon ya murɗe su ya naɗe da salatif, ya rubuta mini launin kowace waya da aikinta a takarda, ya kuma gwada makunnan kariya ɗaya bayan ɗaya a gabana, har da na ƙarƙashin kujera wanda ke kashe inji idan direba ya tashi alhali wuƙaƙe suna juyawa. Wasu sukan cire wannan makunni don sauƙin wayarin, abin da nake ganin ganganci ne a gidan da yara ke wasa a fili. Ya kuma tunatar da ni cewa sabon inji babu mai a cikinsa yake zuwa, ya zuba a gabana. Inda ya gaza shi ne alƙawari. Ranar da ya sa ta wuce da nisa, bai kira ya sanar da ni ba, sai da na biya wani ya yanke mini filin a tsakani. Farkon kakar yanka ne, shagon cike yake da motoci, na fahimci uzurinsa, amma kiran waya ɗaya ba ya hana aiki. Wanda ke da zaɓi ya kai motarsa a lokacin hunturu, sa'ad da masu gyara ke zaune.

A wajen aiki kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Yana tashi da wuri ko da safiyar Oktoba mai sanyi, cok kaɗan ya ishe shi. Karkarwar da nake ji a sitiyari da ƙafafuna ta ragu ƙwarai, sautinsa kuma a kwance yake. Babban bambancin yana fitowa ne a ciyawar watan Mayu mai kauri da danshi, inda a da dole in rage tafiya ko in ɗaga kasko in maimaita wuri. Yanzu injin yana ɗan nisawa ya riƙe juyinsa, wuƙaƙe ba sa sanyi, yankan yana fita a daidaice. Ban ga ya rage baƙin mai tsakanin canji da canji ba. Shan fetur ɗinsa bai bambanta da na tsohon ba yadda zan lura, don haka wanda ke tsammanin tsimi ta wannan fuska kada ya sa rai.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa, wato ƙarin doki ba ya ƙara wa irin wannan mota gudu. Injinan nan duk a wajejen juyi 3,600 a minti suke tsayawa, kuma giyar baya da girman fuli su ne ke yanke saurin tafiya. Giyar da ake sa wa ƙananan taraktocin gida an yi ta ne don yanka da jan ɗan ƙaramin kaya, ba ta san an canza inji ba, kuma wanda ya ga ƙarfi ya samu ya fara jan tirela cike da ƙasa a kan hawa, giyar ce za ta biya. Shi ya sa ban ga dalilin biyan ƙarin kuɗi don doki 24 ba, kuma da mai doki 21.5 ne ya zo da sandar da ta dace da motata, da shi zan ɗauka ba tare da wata damuwa ba.

Kula da shi ba wuya. Na canza man farko da wuri kamar yadda bakaniken ya ce, daga nan littafin injin ya sa canji kowace awa 100, kuma yana cin kimanin lita biyu idan an haɗa da matata. 10W-40 nake zuba masa. Matatun kamfanin na asali sun fi na gama-gari tsada, amma muddin garanti bai ƙare ba su nake saye, ina kuma ajiye rasit. Kafin a ajiye motar don hunturu ina zuba maganin hana fetur lalacewa in bar injin ya ɗan yi aiki don ya isa kafireta, sannan kafin yankan farko ana kwance murfin sama a duba hanyoyin iskar silinda biyun, aikin da bai wuce kwance 'yan kusoshi ba. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata an rubuta masa cikakkiyar lambar injin da ranar saye a kan rasit, domin motar yanzu tana da lamba biyu, ta jiki da ta inji, kuma duk mai sayar da kayan gyara da ta injin zai fara tambaya.