Gargaɗi kan na'urar "katangar maganaɗisu" mai tare ƙara

Albashina na wata biyu cur na zuba a kan wani ƙaramin akwati da mai shi ya rantse cewa yana kewaye ɗaki da katangar maganaɗisu wadda ido ba ya gani, kuma babu ƙarar da ke ƙetare ta. Ni ba yaro ba ne, ban kuma saba sayen kaya da ka ba, amma na shafe wata shida rurin injin da ke bayan ɗakina yana hana ni runtsawa.

Kiran bidiyon da muka yi da mai akwatin kafin in saya ne ya ƙi fita daga raina. Rediyo na ta kuwwa a gefensa, ya danna maɓalli, shuɗiyar fitila ta kama, sai tsit. Na sa ya maimaita har sau uku, yana murmushi yana cewa, "Yallaɓai, ai ka ji da kunnenka." Sai bayan na tura kuɗin, ko ma dai bayan kayan sun iso, na tuna cewa hannunsa na hagu bai taɓa fitowa a hoton ba, kuma muryarsa tana iso mini tangaran daga inda ya ce sauti ba ya ratsawa. Albashin wata biyu, a kan mutumin da ke rage muryar rediyo da hannu!

Da na kwance akwatin, batir na tarar da fitila da guntun maganaɗisu manne da gam. Abin takaicin shi ne na san ilimin tun a makaranta. Sauti girgiza ce da ke bin iska da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma maganaɗisu ba ya da wani tasirin kirki a kan iskar ɗaki. Tun a 1660 masanin kimiyya Robert Boyle ya nuna cewa sai da ya zuƙe iskar tulun gilashi kafin ƙarar agogon da ke ciki ta dushe. Na'urar kunne mai rage hayaniya gaskiya ce, amma kishiyar girgizar take fitarwa dab da kunne, ba katanga take ginawa ba.

Mai akwatin ya toshe lambata tun ranar da na nemi a mayar mini da kuɗina, ko da yake kafin nan ya ce laifin wutar gidana ne. Hotunan hirarmu da shaidar biyan kuɗin suna hannuna, zan ɗora su gaba ɗaya. Kada kowa ya saya. Wanda ƙara ta dama ya toshe kafofin ƙofa da taga, ya ƙara kaurin bango.