Kindle, Kobo ko PocketBook: wacce ta fi dacewa da littattafan EPUB?

Malam, ka yi tambaya daga Garwa kan na'urar karatun da ya kamata ka sa a taho maka da ita, ganin cewa littattafan da ka tara a kwamfuta, na Hausa da Faransanci da Larabci, yawancinsu EPUB ne da PDF. Shawarata ita ce ka bar Kindle, ka zaɓa tsakanin Kobo da PocketBook.

EPUB tsarin fayil ne na littattafan lantarki da ba mallakar wani kamfani ba, ya fito a 2007, kuma yanzu ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ce ke kula da shi. Kindle ta Amazon tana da inganci, sai dai idan ka jona ta da kwamfuta ka zuba mata EPUB, ba za ta buɗe shi ba. Tun 2022 Amazon ke karɓar irin wannan fayil ta Send to Kindle, hanyarta ta tura littafi zuwa na'urar, ta juya shi zuwa nata tsarin kafin ya sauko cikin na'urar, wato sai littafin ya bi ta intanet, abin da ba ƙaramar ɗawainiya ba ce ga mai lissafin kuɗin data a Garwa ko Marwa ko Injamena. Manhajar Calibre, wadda kyauta ce, tana iya yin juyin a kwamfutarka, amma ƙarin aiki ne a kan kowane littafi. Abin da ya fi damuna shi ne, a Fabrairun 2025 Amazon ta cire damar sauke littafin da mutum ya saya da kuɗinsa zuwa kwamfuta domin ajiya.

Kobo kuwa tana buɗe EPUB da PDF kai tsaye: ka sa waya, ka kwafa, ka zare, ka hau karatu. Idan ƙ da ɗ da ɓ suka fito kamar ƙananan akwatuna, sai ka ƙirƙiri folda mai suna fonts a cikinta, ka zuba salon rubutun da ke ɗauke da su. PocketBook ta fi ta yawan abin da take karɓa, har da fayilolin DjVu (na shafukan da aka ɗauki hotonsu) da DOCX (na Word), ba ta tilasta maka buɗe asusu kafin ka fara aiki da ita, kuma wasu samfuranta, irin su Verse, suna da gurbin memori.

Littattafan Larabci ne ke buƙatar lura. Risala ko Ishmawi da aka ɗauki hoton shafukansu aka mayar PDF ba sa bari a ƙara girman rubutu yadda EPUB ke yi, don haka a allo mai inci 6 wasulla sukan ƙanƙance har ido ya gaji. Idan irinsu ne suka fi yawa a wurinka, ka nemi mai inci 8 ko 10 ko da kuɗin ya ƙaru. Idan kuwa EPUB ne ya rinjaya, Kobo Clara ta wadatar.