MC-101 ko MC-707: wanne mai haɗa kiɗa a Katsina zai saya?

Injinan haɗa kiɗan nan biyu na kamfanin Roland tare suka fito a 2019, sautinsu kuma ɗaya ne. Ni ƙaramin na saya, MC-101, saboda matsalar wuta. Batir huɗu na AA yake ci, ko a jona shi da USB. Ko an ɗauke wuta a Ƙofar Ƙaura, sai in zauna a zaure in ci gaba da jera kiɗan ganguna, abin gwanin daɗi.

Layin kiɗa huɗu kawai gare shi. Babban yana da takwas, kowanne da maɓallan murɗawa uku, ga wurin jona makirufo. A ƙaramin kuwa sai ka yi ta lalube a ɗan mitsitsin allo. Mai situdiyo da sola, gara ya sayi babban.