Abin da na gano maka a gonakin inabin Stellenbosch

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

A saƙonka na ƙarshe ka ce tun da Allah ya jefa ni Afirka ta Kudu, ƙasar da inabinta ya cika kantunan Abuja, in rufe shago ko na yini ɗaya ne in je in gano maka yadda suke nomansa. To na je, har sau uku. Bari in fara da abin da na san zai tsaya wa Inna a rai. Gaskiya ne, yawancin gonakin da ke kewaye da Cape Town, birnin da nake zaune, na giya ne. Inabinsu ƙanana ne masu kaurin fata da ƙwallo, matse su ake yi a zuba a ganga. Ban sha ba, babu kuma wanda ya matsa mini. Ka gaya mata ta kwantar da hankalinta.

Maƙwabcina ne ya fara kai ni, wani dattijo Musulmi ɗan asalin garin, daga cikin mutanen da Turawan Holan suka kwaso kakanninsu daga Indonesiya da Indiya. Kowa a layinmu Boeta yake ce masa, wato Yaya a bakinsu. Muka kama babbar hanyar N2 bayan asuba, muka wuce filin jirgin sama, muka wuce Khayelitsha inda ɗakunan kwano suka yi dafifi iya ganinka. Daga tsakiyar birni zuwa Stellenbosch kilomita 50 ne ko kusa da haka, bai kai Zariya zuwa Kaduna ba, kuma ko rami ɗaya tayarmu ba ta faɗa ba. Shinge babu, mai miƙo hannu babu. Kyamara ce dai a kafe a bakin titi, ka wuce ƙa'ida takardar tara ta iske ka har gida.

Kafin mu ga ko ganyen inabi sai Boeta ya karya kan mota zuwa wani wuri da ake kira Macassar. Ya ce ba a wuce babban mutum ba a yi sallama ba. Nan ne hubbaren Shehu Yusuf, malamin da Turawan Holan suka koro daga ƙasarsa suka kawo nan a 1694, ya rasu a 1699. Muka yi addu'a. Daga kan tudun kana hango gonaki, ga Musulunci ga inabin giya, zamani ɗaya suka kafu a ƙasar nan, kuma jiragen kamfani ɗaya na Turawan Holan ne suka sauke su.

Tsufan abin ya ba ni mamaki. A 1659 aka fara matse inabi a nan. An kafa garin Stellenbosch a 1679, gonar Groot Constantia kuwa da ke jikin birni tun 1685 take, ta girmi jihadin Shehu Ɗanfodiyo da shekara fiye da ɗari, kuma har gobe ana girbi a cikinta. Gaba kaɗan akwai Franschhoek, ma'anarsa lungun Faransawa, inda aka zaunar da wasu 'yan gudun hijira daga Faransa a 1688. Duk wannan a rubuce yake a bango, da hotuna, kuma kuɗi ake biya a karanta.

Nan nake so ka buɗe kunne, domin shi ne abin da ya hana ni barci bayan na dawo. Manomin nan ba ya ɗaukar kaya ya kai kasuwa ya tsaya dillali ya taya. Mai saye ne yake zuba mai a motarsa ya zo har gona, ya biya kuɗin shiga ko na ɗanɗano, ya ci abinci a nan, ya sayi kaya a farashin da mai gona ya rubuta, ya tafi yana godiya. Tun 1971 wasu manoman Stellenbosch suka haɗa kai suka fitar da hanyar yawon gonaki, suka kakkafa alluna a bakin titi, kowace gona da sunanta da kibiyar da ke nuna ƙofarta. A Franschhoek har wani ƙaramin jirgin ƙasa da motocin safa suka tanada masu zagaya gonaki, ka sauka inda kake so, ka hau na gaba. Dalili kuwa, doka ba ta wasa da wanda ya sha ya yi tuƙi, sai suka mai da wannan ma hanyar samun kuɗi.

Na tsaya ina lissafin abin da gona ɗaya take sayarwa ban da giyar. Man zaitun, zuma, cuku, burodi mai zafi, zabibi, sabulu, irin shuka a 'yan takardu. Inuwar bishiya ma sayar da ita suke yi: ka kira ta waya ka kama wuri, su haɗa maka kwandon abinci da shimfiɗa, ka zauna a kan ciyawa da iyalinka. Akwai lilo na yara, akwai ɗakin taron biki, akwai ɗakunan kwana. A Babylonstoren lambu kawai mutane suke biya su shiga su kalla, kabewa da lemo da ganyen miya, irin abin da Inna take da shi a bayan ɗaki ba ta taɓa tunanin abin kallo ba ne. A wata gona kusa da Macassar ɗin, Vergenoegd, agwagi ɗaruruwa ake kora cikin inabi su tsince dodon-koɗi da ƙwari, a rage feshi. Fitar agwagin nan da safe ita kanta an sa mata lokaci, Turawa na tsaye da wayoyi suna ɗauka. Na ce Allah mai iko, yau ga agwagwa da 'yan kallo.

Na tuna shekarar da muka loda kwanduna daga Hunkuyi, rana ta doke su a hanya, muka isa dillali ya ɗaga ganye ya yatsina fuska, muka sallama a rabin kuɗi don kada mu koma da ruɓaɓɓe. Har yau abin yana mini ciwo.

Sai maganar suna. Tun 1973 suke da dokar asalin kaya. In kwalba ta ce Stellenbosch, to duk inabin da ke cikinta daga Stellenbosch ya fito, akwai hatimi da lamba a wuyanta da za a bi diddigi. Namu na Kudan fa? Da ya bar gona ya zama inabi kawai. Wani mai tire ma cewa zai yi na waje ne don ya ƙara kuɗi, mai saye ya ci zaƙin ƙasarmu ya yaba wa wata ƙasa.

Noman kansa ba sihiri ba ne, da yawa ka riga ka sani. Lokacinsu dai a juye yake: ruwa da sanyi daga Yuni zuwa Agusta, a lokacin suke yi wa inabin aski, girbi kuma daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da kuke fama da ƙurar hunturu. Kusan kowane tushe mai aure ne kamar mangwaronmu, saiwar wani iri, kan wani iri. Wani ƙwaro mai cin saiwa ne ya shigo musu a 1886 ya cinye gonaki, tun daga nan suka koma ɗora nasu a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya mata. Tsakanin layi da layi ba sa barin ƙasa tsirara, suna shuka hatsi ko ciyawa su kwantar da ita ta riƙe laima. Ban-ruwa kuma na ɗigo ne, siririn tiyo baƙi yana bin layi, kowane tushe da ramin ɗigonsa. Ruwa a nan ba abin wasa ba ne. A 2018 fari ya kusa ƙafar da madatsunsu, har aka ƙayyade wa kowane mutum a birni lita 50 a yini. Boeta har yanzu bokiti yake tarawa a ƙarƙashinsa in yana wanka. Mu da muke sakin ruwa a kwami ya yi ta malala, da sun gani sai su riƙe baki.

Zuwa na uku shi ne naka na gaskiya. Na bi N1, na ratsa ramin da aka fasa a cikin dutse, na sauka kwarin Hex River wajen De Doorns, tafiyar kamar awa biyu. Can ne inabin ci yake, manya marasa ƙwallo, a kan rumfa irin taka, wasu an lulluɓe su da raga saboda tsuntsu da iska. Bambancinmu da su ba a rumfar yake ba. Yana cikin awannin da ke biyo bayan yanka. Da sanyin safiya suke yanka, ba a jibge shi a kwando wani kan wani, kai tsaye sai rumfar shirya kaya, mata su tsince lalatattu da almakashi, a auna, a sa a 'yan robobi masu huji, a tura ɗakin sanyi. Daga nan har jirgin ruwa har kantin Ingila ko Holan sanyin ba ya yankewa. Abin da kake gani a kantin Abuja da tsadar nan ke nan. A baki kuwa, wallahi ba son kai ba, wanda ka tsinka ya nuna a jikin uwarsa a gonarka ya fi shi zaƙi. Nasu ya fi namu jure tafiya da kyan ido.

Kada ka ɗauka komai nasu ya burge ni. A wata gona, ba zan kama suna ba, yunwa ta kama mu da yara, na tambayi mai kawo abinci ko naman halal ne. Ya shiga ciki ya daɗe, ya dawo ya ce kaza ce ai. Na ce miyar fa? Ya sake komawa, ya dawo ya ce an ɗan zuba giya a ciki amma ta ƙone a wuta. Muka ƙare da burodi da cuku da zaitun, aka kawo takardar kuɗi kamar mun ci rago, ga kuma kashi 10 cikin 100 na mai hidima da al'ada ta ɗora maka. A cikin birni ba ka da wannan damuwa, Musulmi suna da yawa, nama da kaji da tambarin halal a jiki ko'ina. Da ka shiga gonakin sai ka yi guzurinka. Masallaci dai akwai a cikin garin Stellenbosch, a nan muka yi azahar.

Ciniki babu, gyara babu. Ka sayi na dubu, ko ƙwaya ɗaya ba za a ɗora maka ba, murmushi kawai da na'urar kati. Akwai wani busasshen nama da suke ji da shi, biltong, na ɗanɗana na halal ɗinsa: gishiri da tsami, ba ƙuli ba yaji, ko kusa da kilishi bai zo ba. Ruwan inabi mara giya kuwa, mai kumfa, wannan kam sun iya. Sai dai kwalbarsa sak ta giya, shi ya sa ban turo hoton ba, kada wani ya gani a wayarka labari ya isa gida kafin bayani.

A hanyar dawowa Boeta ya rage gudu ya nuna mini wasu ƙananan gidaje a bayan bishiyoyi, nesa da inda baƙi suke zama. Ya ce ka ga waɗanda suke yin aikin. Bayi ne suka kafa gonakin nan, har aka soke bauta a 1834. Bayan nan sai aka koma biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya, a ba shi safe da rana da yamma, abin da suke kira dop. An haramta shi tun wajen 1960 amma bai mutu ba sai can cikin shekarun 1990, kuma ya bar baya da ƙura: yankin nan yana cikin wuraren da aka fi haihuwar yara da lahanin giya tun daga ciki a duk duniya. A De Doorns ɗin da na yaba maka, a ƙarshen 2012 leburori suka yi bore suka tare N1, suka ƙona gonaki, saboda rand 69, kuɗin ƙasar, ake biyansu a yini. Sun nemi 150, aka tsaya a 105. Na kalli fararen gine-ginen nan da furanninsu, sai na ji ƙamshin wurin ya ragu. Yaran da suke maka aiki, da su kake cin tuwo a kwano ɗaya, ka je sunan 'ya'yansu. Wannan ban gan shi a nan ba.

Ga abin da nake gani, in ka yarda. Ɗakin sanyi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai ku haɗu ku goma ko ashirin, kuma da hasken rana, don wutar nan ma ta sha yi musu tsiya balle tamu. Amma allo a bakin hanyar Zariya zuwa Kano bai fi ƙarfinka ba. Rumfa mai tsabta, tabarmi, randar ruwan sanyi, banɗaki mai ƙofa, wurin sallah. Lokacin girbi mutum ya zo da iyalinsa daga Kano ko Kaduna ranar Asabar, a ba yaransa almakashi su yanka da hannunsu, a auna ya biya. Matan gida su yi zoɓo da fura da dambu. Na san za ka ce tsaro, na san za ka ce mutanenmu ba su saba biyan kuɗin kallon gona ba. Kada ka karɓi na kallo, ka sa shi a cikin kuɗin kilo. Robobin nan masu huji kuma a manna musu takarda da sunan Kudan da lambar wayarka.

Na sayo maka almakashin aski guda biyu da wuƙar aure, zan ba mai tahowa bayan sallah. Reshen da ka ce in sako a jaka kam ba zan sako ba, a filin jirgi za a ƙwace, kuma ban san cutar da zan kai maka gona ba. Ka auno mini tsawon layukanka da tazarar da ke tsakanin tushe da tushe, da nisan rijiya daga layin farko, in kai wa masu sayar da tiyon ɗigo su yi mini lissafi. Ka gaishe da Inna da Kawu, ka ce wa yara ina nan tafe da zabibinsu.